Idan Babu Mai Shaida, Alƙali Ba Shi da Ido



Duk lokacin da aka kashe wani namu a nan Kudu, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Hotuna su cika wayoyi, a yi ta Allah wadai, shugabanni su je caji ofis, a karɓo gawa a yi mata sutura. Bayan kwana uku kowa ya koma bakin sana'arsa. Can bayan shekara ɗaya ko biyu sai labari ya zo cewa kotu ta sallami wanda aka kama. Nan take wasu su ce an sayar da shari'ar, wasu su ce ai don mamacin Bahaushe ne. Zalunci yana nan, babu mai musun wannan. Amma duk wanda ya taɓa zama a kan bencin babbar kotu ya saurari shari'ar kisan kai ya san cewa sau da yawa abin da ke kashe shari'a ya fi haka sauƙi: magatakarda ya kira sunan mai shaida, babu wanda ya amsa.

Wannan shi ne dalilin rubutun namu na yau. Ra'ayinmu shi ne, haƙƙin mamaci a kanmu bai ƙare a maƙabarta ba. Wanda ya gani da idonsa wajibi ne ya je ya faɗa, sauran jama'a kuma wajibi ne su tsaya masa har ya gama.

Mu fara da yadda abin yake a doka. Alƙali ba ya wurin lokacin da aka yi kisa. Ba ya aiki da abin da ya karanta a jarida, ba ya aiki da abin da ake yaɗawa a Facebook. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma, marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifin ta yadda ba za a bar wani kokwanto mai ma'ana ba. A shari'ar kisa abubuwa uku ake nema: cewa mutumin ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, da cewa ya yi ne da gangan ko yana sane da cewa abin da ya yi zai iya kisa ko mummunan rauni. Idan ɗaya ya faɗi, shari'a ta faɗi. Tun da hukuncin laifin kisa shi ne kisa, alƙali ba zai rataye mutum a kan zato ba, kuma babu wani cikinmu da zai so a yi haka idan ɗansa ne ke tsaye a wurin.

Dokar ba ta karɓar "an ce". Wanda zai ba da shaidar abin da aka gani, dole ya zama shi ya gani. Wanda zai ba da shaidar abin da aka ji, dole ya zama kunnensa ne ya ji. Sarkin Hausawan unguwa, duk girmansa, ba zai iya shiga ya ce yaransa sun gaya masa kaza ba. Shugaban ƙungiya ma haka. Gani ya kori ji, kuma a kotu wannan karin magana doka ce. Akwai 'yan wuraren da aka keɓe, kamar maganar da mamaci ya yi game da wanda ya kashe shi lokacin da ya tabbatar mutuwa ta zo masa, amma ita ma sai wanda ya ji ta daga bakinsa ya zo ya faɗa. Wani abin lura kuma, doka ba ta ƙayyade yawan shaidu ba. Mutum ɗaya mai gaskiya da alƙali ya gamsu da shi ya isa.

Wasu daga cikin shugabannin ƙungiyar nan mun halarci zaman wata shari'a a ɗaya daga cikin manyan kotunan jihar nan, kan kisan wani ɗan uwanmu mai gadi. Shari'ar tana gaba, don haka ba za mu ambaci suna ko mu taɓa abin da ke hannun alƙali ba. Abin da za mu faɗa shi ne yadda ake ba da shaida, domin yawancin mutanenmu ba su taɓa gani ba.

Ana kiran mai shaida ya tsaya a wurin da aka tanada. Ya rantse da Alƙur'ani, ko kuma ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya ba tare da dafa littafi ba, duka biyun doka ta yarda da su. Lauyan gwamnati ne ke fara yi masa tambayoyi a hankali, ya faɗi sunansa da sana'arsa da abin da ya gani. Alƙali yana rubutawa, shi ya sa ake yawan cewa ya dakata. Idan ya gama sai lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe. Nan ne ake yin ta. Aikin wannan lauya shi ne ya nemo ɓaraka a maganar mai shaida, kuma haƙƙin wanda ake tuhuma ne a yi hakan. Bayansa lauyan gwamnati yana da damar sake tambaya don warware abin da ya rikice, ba don kawo sabon zance ba.

Mun ga mutum biyu sun tsaya a wurin, kuma bambancinsu darasi ne. Na farko mai shayi ne, bai yi boko ba, ta bakin tafinta ya yi magana. Lauya ya tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru. Ya ce shi bai duba agogo ba, amma an idar da sallar Isha'i, ya riga ya ɗora ruwa na biyu. Aka tambaye shi da wane haske ya ga fuskar mutumin. Ya ce da fitilar teburinsa da ta gidan da ke kallonsa. Aka tambaye shi ko ya ga abin da ke hannun mutumin tun daga nesa. Ya ce bai gani ba sai da ya matso. Lauya ya juya tambayar ta fuska uku, amsa ba ta canza ba. Inda bai sani ba ya ce bai sani ba, bai ji kunyar faɗin haka ba.

Na biyu ya fi shi baki, kuma kowa ya ga yana ƙaunar mamacin. Ƙaunar ce ta sa ya so ya cike kowane gurbi. Ya faɗi abin da ya gani, ya haɗa da abin da ya ji a wurin zaman makoki, ya mayar da su abu ɗaya. Sai lauya ya ɗauko takardar bayanin da ya bayar a caji ofis tun farko, ya karanta masa, ya tambaye shi me ya sa wannan maganar ba ta ciki. Daga nan ya fara kame-kame. Ba mu ce ƙarya ya yi niyya ba, amma wanda ya ƙara gishiri a wuri ɗaya ya ba lauya damar cewa duk miyar ba ta ciwuwa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke kayar da mutanenmu a wannan wuri, waɗanda ba su da alaƙa da gaskiya ko ƙarya. Bahaushe zai ce "ƙanena ne" alhali garinsu ɗaya kawai. Tafinta ya fassara da ɗan uwa na jini, lauya ya tambayi sunan mahaifinsu, a ga sun bambanta, sai a ce ya yi wa kotu ƙarya. Zai ce wurin "nan kusa ne", a tambaye shi taku nawa, ya rasa amsa. Sunan da aka san shi da shi a tasha daban, wanda ke katin shaidarsa daban. Mafi girma a ciki ita ce takardar caji ofis. Ana rubuta ta da Turanci, mutum ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba, bayan shekara biyu a karanto masa ita a gaban alƙali. Don haka duk wanda zai ba da bayani, ya nemi a karanta masa a fassara masa kafin ya sa hannu, inda aka rubuta ba daidai ba ya ce a gyara. A kotu kuma kada kowa ya yi ƙarfin halin magana da guntun Turanci ko Yarabancin kasuwa. Ya ce da Hausa zai yi, a kawo tafinta. Idan bai fahimci tambaya ba ya ce a maimaita.

Masu cewa shaida ba ta da amfani a ƙasar nan, su dubi abin da ya faru a garin nan da muke zaune. Ranar Kirsimeti ta 2022 wani jami'in ɗan sanda, Drambi Vandi, ya harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah, tana cikin mota da iyalinta, tana da juna biyu. Gwamnatin Legas ta gabatar da shaidu 11. A cikinsu akwai mijinta da 'yar uwarta da ke cikin motar, akwai likitan da ya binciki gawa, akwai kuma 'yan sanda abokan aikin wanda ake tuhuma. An nuna wa kotu cewa harsasai biyu sun yi ƙasa a cikin waɗanda aka ba shi. Ranar 9 ga Oktoba 2023 mai shari'a Ibironke Harrison ta yanke masa hukuncin kisa. Ƙasa da wata goma ke nan daga ranar da aka yi harbin. Gaskiya ne marigayiyar lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta tsaya mata, idon duniya yana kan shari'ar. To ai darasin ke nan. An tsaya mata, shaidu sun zo, kowa ya faɗi nasa.

Mu tuna kuma da shari'ar Hanifa Abubakar a Kano, yarinya 'yar shekara biyar. Kowa ya ga Abdulmalik Tanko, mai makarantar da take karatu, yana amsa laifi a gaban 'yan jarida. Da aka zo gaban alƙali sai ya musanta kisan. Da a ce masu gabatar da ƙara sun dogara da wancan bidiyo kaɗai, da an sha wuya. Sai da aka kawo shaidu da hujjoji ɗaya bayan ɗaya, kafin mai shari'a Usman Na'abba ya yanke hukunci ranar 28 ga Yuli 2022. Amsa laifi a gaban kyamara ba ta ɗauke wa mai shaida aikinsa.

Wannan ya shafi abin da ya fi ci mana rai a 'yan shekarun nan, wato kisan matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta da ke hanyar komawa Kano ana dab da ƙaramar Salla. Babu wayar da bidiyon bai shiga ba. Amma bidiyo ba ya tafiya kotu da ƙafarsa. Sashe na 84 na dokar shaida ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, ana buƙatar bayanin na'urar da yadda aka samar da abin. Bidiyon da ya zaga hannu dubu, aka yanke shi aka ɗora masa waƙa, ya fi sauƙin rushewa a hannun lauya. Wanda ya ɗauki hoto a irin wannan wuri, ya adana na asali a wayar da ya ɗauka da ita, ya kai wa lauya kafin ya kai wa duniya.

To me ke hana mutanenmu zuwa? Dalilan ba na banza ba ne, kuma bai dace a raina su ba.

Akwai tsoro. Mutum yana ganin idan ya kai rahoto shi za a fara tsarewa, ko kuma 'yan uwan wanda ake tuhuma su biyo shi, shi kuwa a bakin titi yake kwana. Masu gadi, masu shayi, 'yan dako, 'yan acaɓa da masu sayar da ruwa su ne idon titi da dare a garin nan. Su ne suka fi kowa gani, su ne kuma suka fi kowa rashin gata. Ya kamata a sani cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 kuma ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi. Sai dai doka a takarda ba ta raka mutum gida. Abin da ke rage tsoro shi ne mutum ya shiga caji ofis tare da lauya da dattawa biyu, a san cewa yana da jama'a.

Akwai kuma ci-rani da ɗage zama. Shari'ar kisa tana farawa ne da tsarewa a kotun majistare, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar daraktan gabatar da ƙara, sannan a shigar da ita babbar kotu. Kafin a kai ga kiran shaidu damina ta faɗi, mai shaida ya tafi noma Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, ya canza layi, wanda ya san garinsu shi ma ya tashi. Wanda ya zauna kuwa, ya rufe teburinsa ya biya kuɗin mota ya zo, a ce an ɗage. Sau biyu, sau uku, ya gaji. Shari'ar matasa shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, waɗanda ake kira 'yan Apo shida, sai a watan Maris na 2017 aka yanke hukuncinta. Mai neman abincin yau da gumin yau ba zai iya ɗaukar irin wannan shi kaɗai ba, kuma rashin adalci ne a bar masa.

Sai kuma maganar da aka fi ji, "a bar wa Allah". Haƙuri abu ne mai kyau, kuma iyalan mamaci suna da ikon yafe abin da ke zuciyarsu. Amma wanda ya yi kisa ya ga babu abin da ya biyo baya, an koya masa cewa jinin mai gadi ba shi da tsada, gobe wani ne zai biya. Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida, ya kuma hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su. Haka kuma a dokar jihohin nan, kisan kai laifi ne tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma. Sulhun da shugabannin al'umma ke yi yana da amfani wajen kwantar da tarzoma, amma ba ya rufe fayil. Mai ba da shaida ba shi ke yanke hukunci ba, nasa shi ne ya sauke abin da ya gani.

Akwai ɓangaren da ya fi ɗaci, kuma dole a faɗe shi. Wata rana wanda ake tuhuma namu ne, mamacin kuma Bayarabe ne ko Ibo. Idan muna son maƙwabcinmu ya fito ya ba da shaida ranar da aka kashe namu, to mu ma sai mun fito ranar da namu ya kashe nasa. Suratun Nisa'i ta umarci a tsaya da gaskiya ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Ɓoye mai laifi a cikin motar shanu a tura shi gida ba taimakon al'umma ba ne. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021 ya faro ne daga saɓani tsakanin mutane ƙalilan da mutuwar mutum ɗaya, ya ƙare da asarar rayuka da ƙona shaguna da gidaje. Inda jama'a suka yanke ƙauna cewa za a hukunta mutum ɗaya, sukan huce a kan kowa. Haka nan idan an kama namu bisa kuskure, wanda ya san inda yake a daren ya zo ya faɗa, domin shaidar kariya ita ma shaida ce. Wanda kuma zai ƙulla wa wani sharri don ramuwa, ya sani shaidar zur tana cikin manyan zunubai, a dokar laifuka ta yawancin jihohin Kudu kuma hukuncinta ɗaurin shekara 14 ne, yana kaiwa ɗaurin rai da rai idan an yi ta ne don a kama wani da laifin da hukuncinsa kisa ne.

Batun gawa ma yana buƙatar natsuwa. Muna gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya koyar. Kotu takan iya yanke hukunci ba tare da rahoton likita ba idan sanadin mutuwar a bayyane yake, amma inda mutum ya yi kwanaki yana jinya kafin ya cika, lauya zai ce wata cuta ce ta kashe shi. A irin wannan hali, jinkirin yini ɗaya don likita ya duba ya rubuta zai iya zama shi ne bambanci tsakanin hukunci da sallama. Shawararmu ita ce malamai da iyalai da lauya su zauna su yanke tare, shugabanni kuma su bi sahu a gaggauta binciken a saki gawa.

Ga abin da za mu gabatar a taron wata mai zuwa, muna roƙon kowane reshe ya zo da ra'ayinsa. Na farko, duk lokacin da aka yi kisa, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, da lambar waya biyu, da garinsu da sunan mai unguwarsu, a ajiye a hannun mutum biyu amintattu. Kada sunan mai shaida ko hotonsa ya hau wannan shafi ko wani zauren WhatsApp. Na biyu, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don kuɗin motar mai shaida da abin da ya rasa na yinin, har da wanda za a ɗauko daga gida. A rubuta a littafi, a bayar a fili, don kada ya yi kama da sayen baki. Na uku, a nemi lauyan da zai riƙa zama a kotu a madadin iyalan mamaci, yana bibiyar fayil yana sanar da mu ranar zama. Na huɗu, kowace ranar zama a samu aƙalla mutum biyar su raka mai shaida. A je da wuri, a kashe waya, ba a ɗaukar hoto, ba a magana ko an ji abin da ya ɓata rai. Wanda bai riga ya ba da shaidarsa ba ya jira a waje har a kira shi. Na biyar, babu wanda zai koya wa mai shaida abin da zai faɗa. Abin da za a gaya masa kawai shi ne ya faɗi abin da ya gani, inda bai gani ba ya ce bai gani ba.

Ƙofar kotu a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko kwabo don a zauna a saurara. Muna kira ga matasanmu, musamman masu jin Turanci, su riƙa zuwa ko da shari'ar ba ta shafe su ba, su ga yadda ake yi, su dawo su bayyana wa iyayensu da abokan sana'arsu. Ranar da aka kira ɗayanmu, kada wurin ya zame masa baƙo.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a inda take da nauyi. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya